Rana Ɗaya Ta Mai Kaya: Tarihin Kama Satar Fasaha, Daga Isnadi Zuwa Manhaja



A shekarar 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Dakta Rupert East, ta sanya gasar ƙagaggun labarai ta farko a ƙasar Hausa. Littattafai biyar ne suka fito daga wannan gasa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East ɗin kansa, sai kuma Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo. Mu mutanen yammacin Kano, daga Gwarzo zuwa Kabo, muna da abin bugun ƙirji a nan, domin namu yana cikin biyar ɗin da suka aza harsashin zube na zamani. Wani abin dariya kuma, tauraron littafin nasa ɓarawo ne da ya tashi a gidan ɓarayi. Ke nan tun ranar da aka haifi ƙagaggen labarin Hausa a rubuce, maganar sata tana cikinsa.

Amma satar da za mu duba a wannan mako ba ta akuya ba ce ko ta buhun gero. Satar alƙalami ce, wadda muke kira satar fasaha, wato mutum ya ɗauki rubutun wani ko tunaninsa ya liƙa masa sunansa. A yau mujallun ilimi da jami'o'i sun ɗora nauyin kama irin wannan ɓarawo a kan manhajar kwamfuta. Kafin mu amince da ita ko mu ji tsoronta, ya kamata mu san yadda magabata suka yi tsaron kayansu, da yadda aka zo ga na'ura, da abin da take gani da wanda ba ta gani idan aka miƙa mata rubutun Hausa.

ZAMANIN TAWADA DA GAFAKA

Kukan mawallafa a kan ɓarayi tsoho ne. A ƙarni na farko na Miladiyya wani mawaƙin Rum mai suna Martiyal ya yi ƙorafin wani yana karanta waƙoƙinsa a gaban jama'a a matsayin nasa, ya kira shi da kalmar Latin da ake kiran mai satar mutane. Daga wannan kalma Turawa suka samo sunan da suke kiran satar fasaha da shi har yau.

Larabawa sun fi zurfafawa. Masana adabinsu sun ware babi guda mai suna sariƙa, suka rarrabe nau'o'in ɗauka: akwai kwafe baiti sukutum, akwai ɗaukar ma'ana a sauya mata lafazi, akwai kuma dacewar tunani, inda mawaƙa biyu za su faɗa kan abu ɗaya ba tare da ɗaya ya ga na ɗaya ba. Alƙali Jurjani ya rubuta littafi guda don shiga tsakanin Mutanabbi da masu zarginsa da sata, Ibn Rashiƙ na Ƙairawan kuma ya yi dogon bayani a cikin Al-Umda. Abin da suka tsaya a kai shi ne ma'anar da kowa ya sani, kamar kamanta jarumi da zaki ko mai kyauta da kogi, ba ta da mai ita. Wadda ke da mai ita ita ce wadda wani ya ƙago da kansa, ko ƙirar da ya yi wa tsohuwar ma'ana.

Ko Hariri, mai Muƙama da almajiran zaurukanmu ke karantawa har gobe, bai tsira ba. Ibn Khallikan ya ruwaito cewa da ya kai muƙamominsa arba'in Bagadaza, wasu malamai suka ce ba nasa ba ne, takardun wani Bamagaribe ne da ya mutu suka faɗo hannunsa. Aka zaunar da shi a fada aka ce ya rubuta makamancinsu nan take, ya kasa, ya koma Basra da kunya. A can ya tsara wasu goma ya aiko, suka cika hamsin. Gwajin da aka yi masa shi ne mafi tsufan hanyar kama ɓarawon rubutu: in naka ne, sake yin irinsa mu gani. Hariri kuma, wanda ya rasu a 1122, ya bayyana a gabatarwarsa cewa sawun Badi'uz Zaman Hamazani ya bi.

Imam Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1505, yana da alaƙa da mu kai tsaye, domin ya aika wasiƙar nasiha ga sarakunan wannan yanki, ciki har da Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas. Shi ma ya rubuta risala guda mai suna Al-Fariƙ bainal Musannif was Sariƙ, wato mai rarrabewa tsakanin mawallafi da ɓarawo, saboda wani ya kwashe masa aiki bai ambace shi ba. Shi ɗin ma abokin hamayyarsa Sakhawi ya zarge shi da kwasar littattafan magabata. Wannan ya nuna mana tun da wuri cewa zargin satar fasaha makami ne mai baki biyu, ana kare gaskiya da shi, ana kuma yaƙar abokin gaba da shi.

To a ƙasar Hausa da me aka yi tsaro? Da isnadi da ijaza. Malami ba ya karantar da littafi sai ya iya faɗin wanda ya karantar da shi, da wanda ya karantar da wancan, har a dangana da mawallafi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tattara nasa a Asanid al-Faƙir. Ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Ida'un Nusukh, inda ya jero malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya ɗauka a hannun kowane. Duk wanda ya leƙa littattafan masu jihadi zai ga shafi bayan shafi na ciro maganganun magabata, amma kusan kullum za ka ga an ce wane ya faɗa a littafi kaza, idan maganar ta ƙare kuma a sa alamar ƙarewarta. Waɗannan su ne baka biyu da manazarta na wancan zamani.

Mawaƙa ma suna da nasu makullin. Da yawa sukan saka sunansu da na mahaifinsu a baitocin ƙarshe, su faɗi adadin baitocin don kada a ƙara ko a rage, su kuma ɓoye shekarar da suka yi waƙar a cikin ramzi. Sai kuma tahamisi, wanda a ganina shi ne darasi mafi girma ga marubucin yau. Mawaƙi zai ɗauki baitin wani mai ɗango biyu ya ɗora masa uku nasa a sama, waƙar ta zama ta mutum biyu kuma kowa ya san nasa. Ishiriniyar da ake rerawa a Maulidi ta Alfazazi ce, tahamisinta na Ibn Muhibbu, shekaru ɗaruruwa ba a manta da ko ɗaya daga cikinsu ba. Tabbat Haƙiƙa kuwa Shehu ne ya tsara ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Hannu uku a waƙa ɗaya, babu wanda ya shafe sunan wani.

Kada mu ɗauka zamanin babu ɓarna. Littafi da hannu ake kwafarsa, wani makwafi yakan manta sunan mawallafi, wani ya jingina waƙa ga Shehu don ta sami karɓuwa. Har yau masana na ta fama da tantance wasu waƙoƙin da ake danganta wa masu jihadi. Sai dai mai tsaron na wancan lokaci ƙwaƙwalwar malamai ce. Littattafan da ke yawo ba su da yawa, kuma an haddace su, don haka mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

ZAMANIN MAƊABA'A: SHARI'AR ABUBAKAR IMAM

Da boko ya zo, sai aka shigo da sabon abu: littafi mai ɗauke da sunan mutum ɗaya a bango, ana buga dubbai ana sayarwa, ana biyan mai shi lada. Nan maganar mallaka ta ƙara nauyi.

Abubakar Imam bai ɓoye cewa salon Muƙamar Hariri ya kwaikwaya a Ruwan Bagaja ba, ya faɗa a tarihin rayuwarsa da Abdurrahman Mora ya tace, kamfanin NNPC ya buga a 1989. A 1936 aka ɗauko shi daga Katsina zuwa Zariya don ya rubuta littafin karatu na makarantu. East ya tara masa littattafan tatsuniyoyi na Larabci da na Turai, daga nan Magana Jari Ce ya fito cikin juzu'i uku tsakanin 1937 da 1939. Manazarta, ciki har da Farfesa Ibrahim Malumfashi a littafinsa Adabin Abubakar Imam da Farfesa Abdalla Uba Adamu a maƙalunsa, sun bi diddigin labaran. Wasu daga Alfu Laila suke, wasu daga tatsuniyoyin 'yan'uwan nan Jamusawa Grimm, wasu daga Andersen na Denmak, wasu daga Dekameron na Italiya. Aku mai ba da labari don ya hana mutum fita da dare tsohuwar dabara ce ta adabin Indiya da Farisa. Labarin Sarkin Busa kuwa, duk wanda ya san labarin mabushin garin Hamelin na Jamus zai gane shi.

To Imam ɓarawo ne? An daɗe ana kai ruwa rana a kan wannan. Masu zafi suna cewa littafin bai jero tushen kowane labari ba, kuma da a yau ne da edita ya nema. Masu sassauci suna cewa yawancin labaran tatsuniyoyi ne da al'ummu ke gada, su kansu 'yan'uwan Grimm tattarowa suka yi daga bakin mutane, sannan hukumar da ta ba shi aikin ita ta miƙa masa littattafan da hannunta, ba wanda aka yaudara. Abin da babu jayayya a kai shi ne jimlolin nasa ne. Ya sauya sunaye da garuruwa da tufafi da dalilan da ke motsa taurari, ya zuba karin magana da barkwanci, har yaron Getso ko Garo ya karanta ya rantse a bayan gidansu abin ya faru. Wannan shi manazarta ke kira baddalawa ko Hausantarwa.

Waɗanda suka biyo baya sun ci gaba da aro. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya samo asali daga labarin jarumin Rasha Iliya Muromets. Daren Sha Biyu na Ibrahim Yaro Yahaya daga wasan Shekspiya ne, Mutanen Kogo na Ahmed Sabir kuma daga wasan Taufiƙ al-Hakim na Masar. Duka biyun an san su a matsayin fassara, ba wanda ya taɓa kiran masu su ɓarayi, domin ba su ce su suka ƙago ba.

Ku riƙe wannan a zuciya: da za a zuba Magana Jari Ce a cikin manhajar zamani mai kwatanta kalmomi, da wuya ta nuna wata alaƙa da littattafan Jamusanci ko Larabci da aka ɗebo daga cikinsu. Mutane ne suka gano tushen, masu karatu da harsuna biyu ko uku.

ZAMANIN KASUWA

Daga tsakiyar shekarun 1980 matasa suka daina jiran kamfanonin Zariya, suka shiga buga littattafansu da kuɗinsu. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmad, Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, duk 'ya'yan wannan yunƙuri ne da aka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano. Alherinsa ba ya ƙidayuwa, ya koya wa dubban mata da matasa karatu. Amma an rasa mutum ɗaya a tsakani, wato editan da zai tace ya tambayi marubuci ina ya samo wannan. A shekarun 1990 aka yi zazzafar muhawara a shafukan jaridu, musamman filin adabi na New Nigerian da Ibrahim Sheme ke kula da shi, tsakanin Malumfashi da Abdalla da Yusuf Adamu da sauransu, kuma ɗaya daga cikin tuhume-tuhumen da aka yi wa wasu littattafan shi ne ɗauko zubi daga finafinan Indiya da littattafan soyayya na Turawa. Da harkar fim ta kafu, sai 'yan masana'antar da kansu suka raɗa wa ɗabi'ar suna: wankiya. A wanke fim ɗin wasu, a shanya shi da Hausa.

Ta fuskar doka, Nijeriya ta yi dokar haƙƙin mallaka a 1970, ta sake wata a 1988 wadda ta haifar da hukumar kare haƙƙin mallaka, sannan aka sa hannu a kan sabuwa a watan Maris na 2023. Dokar tana kare rubutun adabi tsawon ran marubuci da shekara 70 bayan rasuwarsa. Imam ya rasu a 1981, sai ku yi lissafi. Amma a lura, keta haƙƙin mallaka daban, satar fasaha daban. Wanda ya buga littafinka da sunanka ya sayar ba da izininka ba ya keta doka ko da bai ce nasa ba ne. Wanda ya kwafe waƙar Nana Asma'u ya ce tasa ce, babu kotun da za ta kama shi da haƙƙin mallaka, amma ɓarawo ne a gaban masana. Ta farko shari'ar dukiya ce, ta biyu shari'ar amana.

ZUWAN NA'URA

Intanet ya sauƙaƙa sata fiye da kowane zamani, ya kuma sauƙaƙa kamu. A 1994 wani malamin kimiyyar kwamfuta a Amurka, Alex Aiken, ya ƙera manhajar MOSS don gano ɗaliban da ke kwafar aikin juna. A 1998 John Barrie da abokansa na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli suka kafa kamfanin da ya fito da Turnitin, wadda ake duba aikin ɗalibai da ita. A 2004 kamfanin ya fitar da iThenticate don masu bincike da editocin mujallu. A 2008 ƙungiyar Crossref, mai raba wa maƙalu lambar shaida ta DOI, ta haɗa kai da su aka kafa CrossCheck, wadda daga baya aka sauya wa suna Similarity Check. Sharaɗin shiga shi ne kowane kamfanin ɗab'i ya buɗe cikakkun maƙalunsa a zuba a rumbu ɗaya, don a riƙa gwada sabbin da aka turo da su. Harkar ta yi girman da a 2019 aka sayar da Turnitin a kan dala biliyan 1.75.

Yadda take aiki ba tsafi ba ne. Manhajar tana yanka rubutunka gunduwa-gunduwa, kalmomi kaɗan-kaɗan a jere, ta mayar da kowace gunduwa lamba kamar zanen yatsa, sannan ta nemi irin wannan lamba a rumbunta na shafukan intanet da maƙalu da ayyukan ɗalibai. Duk inda ta ga dacewa sai ta shafa masa launi ta nuna inda ta gani, a ƙarshe ta ba da kaso cikin ɗari. Su kansu masu manhajar suna nanata cewa wannan kaso ma'aunin kama ne, ba hukuncin sata ba. Hukunci na edita ne.

Ta yi aiki kuwa. A 2010 editar wata mujallar Jami'ar Zhejiang ta Sin ta sanar a mujallar Nature cewa kashi 31 cikin ɗari na maƙalun da aka turo musu tun da suka fara amfani da CrossCheck suna ɗauke da kwafe. A Nijeriya, Kwamitin Shugabannin Jami'o'i ya fara shigo da Turnitin a farkon shekarun 2010, sannan a 2021 ya ƙaddamar da tasa ta gida mai suna EagleScan. Yau ɗalibin digiri na biyu ko na uku a jami'o'inmu da dama ba ya kare kundinsa sai ya kawo takardar sakamakon wannan gwaji, kowace jami'a da iyakar kason da ta yanke.

Duk da haka, manyan kamun da suka girgiza duniya idon mutum ne ya fara yin su. A Fabrairun 2011 wani farfesan shari'a na Biremen, Andreas Fischer-Lescano, yana karanta kundin digirin Ministan Tsaron Jamus Karl-Theodor zu Guttenberg don ya yi masa sharhi, sai wasu jimloli suka tsaya masa a rai, ya neme su a Google. Jami'ar Bayroit ta ƙwace digirin, ministan ya ajiye muƙami ranar 1 ga Maris. A nan gida, a Satumbar 2016 ɗan jaridar ThisDay Adeola Akinremi ya lura cewa wani sakin layi a jawabin da Shugaba Buhari ya karanta wajen ƙaddamar da shirin gyaran ɗabi'u ya yi daidai da na jawabin nasarar Obama na 2008. Fadar shugaban ƙasa ta amsa, ta ɗora laifin a kan ma'aikacin da ya tsara jawabin.

Ɓarayi ma ba su zauna ba. Sun koma amfani da manhajojin da ke musanya kalma da 'yar'uwarta don kaso ya sauka. A 2021 Guillaume Cabanac na Faransa da abokan aikinsa suka bankaɗo maƙalu masu yawa a mujallun kimiyya cike da sunaye na banza da wannan dabara ta haifar, misali a maimakon ƙirƙirarriyar basira sai ka ga an rubuta abin da ke nufin jabun hankali. Kamar a ce wani ya saci jimlarka mai cewa ruwan sama ya sauka, ya mayar da ita ruwan bisa ya sauko ƙasa. Yanzu kuma ga manhajojin da ke rubuta maƙala sukutum, har Turnitin ta ƙara ma'aunin gano su a Afrilun 2023, shi ma ana ta ƙorafin yana kuskure.

INDA HAUSA TA TSAYA

Na'ura ba ta iya kama abin da babu shi a rumbunta. Mujallar Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta soma fita tun farkon shekarun 1970. Ga Algaita a Kano, ga Harshe a Zariya, ga Ɗunɗaye a Sakkwato. Tsofaffin fitowarsu da kundayen digiri na shekaru hamsin, mafi yawansu a takarda suke a kan kantocin ɗakunan karatu. Haka dubban littattafan Adabin Kasuwa, balle rubuce-rubucen ajami da ke gafakokin malamai. Wanda ya kwafe babi guda daga kundin 1985 zai iya samun sakamako fari tas, ya fito yana taƙama.

Na biyu, rubutunmu bai daidaita ba. Wani zai rubuta ƙasa, wani kasa, wani k'asa, wani qasa. Wani ya rubuta ɓarawo, wani 6arawo. Wani zan je, wani zanje. Nijeriya na rubuta 'ya'ya, Nijar na rubuta ƴaƴa. A wurinka kalma ɗaya ce, a wurin na'ura mai gwada haruffa kalmomi ne mabambanta.

Na uku, fassara. Sau da yawa satar da ke faruwa a rubutun Hausa daga Turanci ko Larabci ake juyo ta. A wani gwaji da masana suka wallafa a 2020, inda suka auna manhajoji 15 da harsuna takwas, sun tarar cewa rubutun da aka fassara shi ya fi kuɓuce musu. In haka ne tsakanin harsunan Turai, ina ga Hausa?

Na huɗu, takan kama marar laifi. Basmala da salati da buɗe waƙa da yabon Ubangiji, karin magana, sunayen littattafai, baitocin da manazarci ya kawo don ya yi musu sharhi, duk za ta iya shafa musu launi. Editan da ya dubi kaso kawai bai buɗe rahoton ba zai kori mai gaskiya ya karɓi mai wayo.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Yarinyar da ke rubuta littafi a wayarta a Unguwar Tudu tana sakinsa shafi-shafi, ba Turnitin ce ke gabanta ba. Abin da ke gabanta shi ne ta wayi gari ta ga an cire sunanta an sa na wata, ko an karanta littafin a YouTube ana karɓar kuɗi ba ta sani ba. Wani lokacin kuma jarrabawar a kanta take: ga labarin wata ya yi daɗi, ga masu karatu na jiran shafin gobe. Tarihin da muka bi ya bar mana darussa a kan duka biyun.

Ka ambaci inda ka ɗauko. Layi ɗaya a farkon littafi mai cewa wannan labari na gina shi a kan fim kaza ko tatsuniya kaza ba ya rage maka daraja. Hariri ya yi, Malam Abdullahi ya yi. Idan mai abin yana raye ko haƙƙinsa bai ƙare ba, ambato kaɗai bai isa ba, sai da izini.

Ka rarrabe jigo da ƙira. Kishiya, auren dole, maraici, talaka ya so 'yar mai kuɗi, waɗannan na kowa ne, kada a tsorata ka da su, kai ma kada ka zargi wani don ya taɓa su. Amma jerin aukuwar labari daki-daki, da taurari da halayensu, da jimloli, na mai su ne. Sauya Zainab ta koma Hafsat, Kaduna ta koma Katsina, bai sa ya zama naka ba.

Ka ajiye shaida. Tsohon daftari, ranar da ka fara saki, kwafin da ka tura wa kanka ta imel, rajista da hukumar haƙƙin mallaka idan da hali. Magabata sun sa suna da ramzi a cikin waƙar kanta don sun san bango yana yagewa, kai ma ka riƙa sa sunanka a cikin kowane shafi da ka saki.

Idan za ka yi zargi, ka zo da hujja: shafi kusa da shafi, kwanan wata kusa da kwanan wata, ka kuma fara tuntuɓar wanda kake zargi. Mutuncin marubuci shi ne jarinsa, ɓata shi a kan zato zalunci ne da bai gaza satar ba.

Su kuma jami'o'inmu da masu mujallu, aikin da ke gabansu ya fi sayen lasisin manhaja. Sai an ɗauki tsofaffin mujallu da kundaye da littattafai an mayar da su rubutun kwamfuta da daidaitacciyar ƙa'ida, sannan na'urar za ta sami abin da za ta gwada da shi. Kafin wannan rana, mai tsaron adabin Hausa shi ne wanda ya tsare shi tun zamanin zaure, wato makarancin da ya karanta da yawa har yana iya cewa wannan na taɓa ganinsa a wuri kaza. Kowannenmu zai iya zama shi, kuma yawan karatun da zai sa ka gane kayan wani shi ne dai zai sa ka wadatu da naka. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Allah Ya tsare alƙalumanmu daga cin amana, Ya jiƙan magabatanmu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.